Gidan Butler na Ƙasar Ailan a Inuwar Sarakunan Ingila

Gabatarwa

Masu nazarin tarihin ƙasar Ailan sukan kasa mutanenta na dā gida biyu, wato 'yan ƙasa masu magana da harshen Gaelic, da kuma Turawan Ingila waɗanda suka ƙetaro teku suka mallake su. Wannan rabo yana da sauƙin riƙewa, amma yakan ɓoye wani rukuni na uku wanda ya riƙe ragamar tsibirin shekaru aru-aru. Su ne gidajen sarautar da kakanninsu suka zo daga Ingila tun cikin ƙarni na 12, suka zauna, suka hayayyafa, har suka zama 'yan ƙasa ta fuskar haihuwa da auratayya, alhali kuwa filayensu da sarautunsu suna rataye da yardar sarkin Ingila. A wannan maƙala za mu bi diddigin ɗaya daga cikin waɗannan gidaje, wato gidan Butler na Ormond, wanda ya haɗa jini da sarakunan Ingila har sau biyu. Abin da muke son mai karatu ya lura da shi shi ne yadda wannan dangantaka ta raya gidan lokacin da abokan gasarsa suka halaka, da kuma abin da gidan ya biya domin ya ci gaba da zama a wannan inuwa.

Mai shayar da sarki

Tushen gidan wani bafade ne mai suna Theobald Walter, wanda ya rako Yarima John, ɗan Sarki Henry na 2, zuwa Ailan a shekarar 1185. Theobald ba ƙaramin mutum ba ne a gida, domin ɗan'uwansa Hubert Walter shi ne ya zama babban limamin cocin Canterbury daga baya. Yarima ya yanka masa filaye masu faɗi a gabashin lardin Munster, yankin da ake kira Ormond, ya kuma naɗa shi muƙamin mai shayar da sarki na ƙasar Ailan. Sunan wannan muƙami da Turanci shi ne Butler, kuma daga nan ne zuriyarsa ta samo sunan da aka san ta da shi. Hasali ma tambarin gidan yana ɗauke da hoton kofuna uku masu murfi domin tunawa da wannan hidima.

Kada sunan ya sa a ɗauka aikin bara ne. Muƙamin yana tafe da wani haƙƙi mai tsoka, wato duk jirgin ruwan da ya shigo Ailan da giyar inabi sai an cire wa mai muƙamin rabonsa daga cikin gangunan. Gidan ya ci wannan gara fiye da shekara 600, har sai a wajen 1810 da gwamnati ta fanshi haƙƙin a kan fam 216,000.

Auren farko da ya shigar da jinin sarauta gidan an ɗaura shi ne a 1327, lokacin da James Butler ya auri Eleanor de Bohun, jikar Sarki Edward na 1 ta wajen uwa. Shekara ba ta kewayo sosai ba, a 1328, aka naɗa ango sarautar Earl na Ormond, wato babban hakimi mai gadon ƙasa, aka kuma ba shi yankin Tipperary da ikon kafa kotunansa da naɗa alƙalansa, kusan kamar ƙaramin sarki. Jikansa, Earl na 3, shi ne ya sayi fadar Kilkenny a 1391, wadda ta zama cibiyar gidan. Mai karatu ya riƙe wannan Earl na 3 a ransa, domin za mu sake komowa kansa.

A wannan garin na Kilkenny ne aka kafa wasu dokoki a 1366 da suka hana Turawan da ke zaune a Ailan magana da harshen 'yan ƙasa, ko auren 'ya'yansu, ko kai ƙara wurin alƙalansu na gargajiya. Amma doka daban, zaman yau da gobe daban. Earl na 4 da kansa ya riƙa ɗaukar nauyin marubutan Gaelic suna kwafa masa littattafai. Bayan yaƙin Piltown na 1462, inda gidan FitzGerald na Desmond ya ci gidan Butler, an kama wani babba a gidan mai suna Edmund MacRichard, kuma cikin abin da aka fanshe shi da shi har da littattafai biyu na rubutun hannu cikin harshen Gaelic. Ɗayansu yana ajiye a ɗakin karatu na Bodleian a Oxford. Mutanen da ake karɓar littafin harshen ƙasa a matsayin fansar kansu, da wuya a ce musu baƙi.

Shi wannan yaƙi na Piltown reshe ne na yaƙin basasar da ake yi a Ingila tsakanin gidan Lancaster da gidan York a kan gadon sarauta. Gidan Butler ya bi Lancaster, gidan FitzGerald ya bi York. Earl na 5 ya rasa kansa a kan wannan biyayya bayan yaƙin Towton a 1461. Da mulki ya komo hannun Henry na 7 a 1485, sai rana ta sake fito wa gidan. Gabar gidajen biyu kuwa ba ta mutu ba. Har yau a majami'ar St Patrick da ke Dublin ana nuna wata tsohuwar ƙofa mai rami a tsakiya. Labarin da ake bayarwa shi ne, a 1492 wani ɗan gidan Butler ya kulle kansa a bayan ƙofar don tsoron Earl na Kildare, shi kuwa Kildare ya sa aka huda ƙofar, ya zura hannunsa ciki domin a yi musafaha.

Rigimar gado da auren da bai yiwu ba

Earl na 7, Thomas Butler, ya yi yawancin rayuwarsa a Ingila, kuma yana cikin manyan attajiran zamaninsa. Ya rasu a 1515 bai bar ɗa namiji ba sai 'ya'ya mata biyu. Ɗaya daga cikinsu, Margaret, ita ce ta auri Sir William Boleyn, ta haifi Thomas Boleyn, shi kuma ya haifi Anne Boleyn.

A can Ailan kuwa, akwai wani ɗan'uwa daga wani reshen gidan mai suna Piers, wanda ake yi wa laƙabi da Ja, shi ne ke riƙe da filaye da mayaƙa, kuma ya ɗauki kansa magajin sarauta. Thomas Boleyn ya ce sam, shi ne jikan mamaci. Fadar Henry na 8 ta rasa yadda za ta yi, domin ga bafade na kusa a hannu guda, ga kuma mutumin da ake buƙatar takobinsa a Ailan a ɗaya hannun. Sai aka kawo shawarar a yi tuwona maina, a aurar da Anne Boleyn ga James ɗan Piers, rigima ta mutu a ɗakin amarya. Wannan shawara tana cikin dalilan da suka sa aka kirawo Anne daga Faransa ta komo Ingila wajen 1522. Auren bai yiwu ba. Yarinyar da aka so a kai Kilkenny sai ta zauna a fada, idon sarki ya faɗa kanta, kuma neman hanyar aurenta ne ya kai Henry ga ɓallewa daga Paparoma, al'amarin da ya sauya addinin Ingila, ya kuma jefa Ailan cikin rikicin da ta daɗe ba ta fita ba.

Muddin Anne tana da fada, gidan Butler na Ailan sai haƙuri. A 1528 Piers ya sauka daga da'awarsa aka rarrashe shi da sarautar Earl na Ossory, a 1529 aka naɗa Thomas Boleyn Earl na Ormond. Amma sarki goma zamani goma. An fille kan Anne a watan Mayu na 1536, kuma kafin ƙarshen 1538 sarautar Ormond ta komo hannun Piers. A tsakanin nan gidan Kildare ya yi tawaye a 1534, Piers ya tsaya wa sarki, kuma a watan Fabrairu na 1537 aka kashe magajin Kildare da baffanninsa biyar rana ɗaya a Landan. Shi James ɗan Piers, wanda bai auri Anne ba, ya gaji ubansa a 1539, ya kuma rasu a 1546 bayan wata liyafa a Landan inda aka ci guba, shi da mutanen gidansa da dama.

Baƙin Tom da Sarauniya Elizabeth

Ɗan James, wato Thomas, Earl na 10, wanda ake kira Baƙin Tom, a fadar Ingila ya tashi, ya yi karatu tare da Yarima Edward wanda ya zama Edward na 6. Idan muka bi salsala za mu ga dangantakarsa da Elizabeth, 'yar Anne Boleyn, tana da nisa ƙwarai, domin sai an haura kakanni shida ta kowane ɓangare kafin a haɗu a kan Earl na 3, wanda ya sayi fadar Kilkenny. To amma zumunta a ƙafa take. Elizabeth ba ta da 'yan'uwa da yawa, kuma dangin uwarta su ne waɗanda ba za su taɓa yi mata takarar gadon sarauta ba, saboda haka ta riƙe su da hannu biyu. Ta riƙe Tom a matsayin ɗan'uwa, har an ruwaito takan yi masa ba'a tana kiransa baƙin mijinta. Shi kuma a shekarun 1560 ya gina wani gida irin na Ingila a Carrick-on-Suir, mai manyan tagogi maimakon ramukan harbi, ya sa aka ƙawata bangonsa da siffar sarauniya. Ana cewa ya gina shi ne da fatan za ta kawo ziyara. Ba ta taɓa taka ƙasar Ailan ba.

Amfanin wannan kusanci ya bayyana a 1565. Uwar Tom, Joan FitzGerald, ta auri Gerald, Earl na Desmond, abokin gabar ɗanta, kuma tana raye ta riƙa shiga tsakani. Ta rasu a farkon shekarar, ba a jima ba sai ga mijin uwa da agola sun ja daga a wani wuri da ake kira Affane, kowa da rundunarsa da tutarsa, kamar babu sarauniya a ƙasar. An harbi Desmond aka kama shi. Sarauniya ta fusata, ta kira su duka biyu Landan, amma hukuncin bai zo daidai ba. Tom ya koma gida da martabarsa, Desmond kuwa daga baya ya shafe shekaru a tsare a Landan, sai 1573 aka bar shi ya koma.

Lokacin da Desmond ya yi tawaye a 1579, Tom aka ba jagorancin rundunar sarauniya a Munster. A nan ne ya kamata mu faɗi gaskiya game da shi. An ƙone gonaki, an kore shanu, an bi ƙauyuka da takobi, kuma wani jami'in Ingila ya rubuta a 1582 cewa mutane kimanin 30,000 yunwa ta kashe cikin wata shida. An kashe Desmond a 1583, aka aika wa sarauniya da kansa, aka ƙwace filaye kimanin eka rabin miliyan aka rarraba wa baƙi daga Ingila. Gidan Butler ya tsira da filayensa da talakawansa, amma da jinin maƙwabta aka sayi wannan tsira. Ko a cikin gida ma ba a yarda da Tom baki ɗaya ba, domin ƙannensa sun ɗauki makami a 1569 lokacin da wani Bature mai suna Peter Carew ya zo da tsofaffin takardu yana neman filayensu. Tom ne ya dawo ya kwantar da tawayen, ya kuma roƙar musu rai wurin sarauniya.

Elizabeth ta rasu a 1603 ba ta bar ɗa ba, jinin Boleyn ya sauka daga karaga, inuwar da gidan ya jingina da ita ta gushe. Tom ya makance, ya rasu a 1614, ya bar 'ya mace ɗaya tak ta halal. Sabon sarki, James na 1, ya sa aka aurar da ita ga wani na hannun damansa ɗan Sikotilan mai suna Richard Preston, sa'annan ya yanke hukunci cewa mafi yawan filayen nata ne. Magajin sarauta, Walter, Earl na 11, ɗan Katolika ne mai yawan ibada, har ana kiransa Walter mai carbi. Ya ƙi amincewa da hukuncin, sai aka jefa shi kurkukun Fleet a Landan daga 1619 zuwa 1625. Wani abin takaici ga gidan shi ne, sarautar da sarki ya zaɓa ya ba Preston ita ce Earl na Desmond, sunan gidan da Tom ya rusa wa Ingila da hannunsa.

Marayan da sarki ya riƙa

Jikan Walter, James, an haife shi a 1610, kuma ubansa ya nutse a teku a 1619. Bisa dokar zamanin, marayan da zai gaji babbar ƙasa yana iya komawa riƙon sarki, kuma sarki ya yi amfani da wannan dama. An raba yaron da malamansa na Katolika aka kai shi gidan George Abbot, babban limamin Canterbury, ya tashi a kan aƙidar Furotesta, alhali uwarsa da ƙannensa da kusan dukkan danginsa Katolika ne. A 1629 ya auri Elizabeth Preston, jikar Baƙin Tom, filayen da aka raba suka sake haɗuwa. Auren zumuncin da ya gagara a zamanin Anne Boleyn, ga shi ya yiwu bayan shekara ɗari.

A ganinmu babu wanda rayuwarsa ta fi nuna tsadar wannan kusanci kamar wannan James. Lokacin da Katolikan Ailan suka yi bore a 1641, shi ne kwamandan sojojin Sarki Charles na 1. Majalisar 'yan boren ta kafa hedikwatarta a Kilkenny, garinsa, kuma shugabanta Lord Mountgarret ɗan gidan Butler ne. Wato yana yaƙi da danginsa a madadin sarkin da shi ma yana yaƙi da majalisarsa a Ingila. An naɗa shi wakilin sarki a Ailan a 1643, ya shafe shekaru yana ciniki da 'yan'uwansa a kan su ba sarki sojoji, shi kuma a sassauta musu dokokin addini, amma kullum abin da yake miƙawa bai kai abin da suke nema ba. A 1647, da ya ga ba zai iya riƙe Dublin ba, sai ya miƙa birnin ga sojojin majalisar Ingila maimakon Katolikan ƙasarsa. Bayan an fille kan Charles a watan Janairu na 1649 ya haɗa rundunar haɗin gwiwa, aka ragargaza ta a Rathmines ranar 2 ga Agusta, kuma mako biyu bayan haka Oliver Cromwell ya sauka a Dublin ba tare da wani ya tare shi ba. Kilkenny ta faɗi a watan Maris na 1650, James ya bar ƙasar a watan Disamba, ya yi shekara goma yana gudun hijira tare da Charles na 2 cikin talauci. Matarsa ce ta je ta roƙi gwamnatin Cromwell har aka bar mata wani yanki na gadonta.

Da sarauta ta dawo a 1660, an saka masa da alheri mai yawa. An mayar masa da filayensa har da ƙari, an ɗaga shi zuwa Duke a 1661, ya sake zama wakilin sarki daga 1662 zuwa 1669, da kuma daga 1677 zuwa 1685. A zamaninsa aka killace dandalin Phoenix, aka gina asibitin tsofaffin sojoji na Kilmainham, kuma har yau akwai titin bakin kogi a Dublin mai ɗauke da sunan Ormond. Amma shi ne kuma ya kula da rabon filaye bayan yaƙi, inda aka bar wa mutanen Cromwell mafi yawan abin da suka ƙwace. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa Katolika suna da kusan kashi 60 cikin 100 na filayen Ailan a 1641, amma zuwa 1688 abin da ya rage musu bai wuce kashi 22 ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka bi shi yaƙi da hijira sun mutu ba su ga gonakinsu ba, har Bishop Nicholas French ya wallafa littafi a 1676 yana zarginsa da yasar da amintattunsa. Marubutan Ingila suna yabonsa da riƙon amana, kuma ba su yi ƙarya ba, sai dai amanar sarki ce ya riƙe. Ya rasu a watan Yuli na 1688, aka binne shi a majami'ar Westminster inda ake binne sarakuna.

Jikansa, Duke na 2, ya juya wa James na 2 baya a wannan shekarar, ya bi William, ya yi yaƙi a gefensa a bakin kogin Boyne a 1690, har ya sauke shi a fadar Kilkenny. Ya kai ƙololuwa a zamanin Sarauniya Anne, inda ya gaji Marlborough a shugabancin sojoji a 1712. Da Anne ta rasu a 1714 aka ɗauko George na 1 daga Hanover, sai ya tsinci kansa a jam'iyyar da ta faɗi. Majalisa ta tuhume shi da cin amanar ƙasa a 1715, ya gudu Faransa, aka ƙwace dukiyarsa, aka soke ikon Tipperary da gidan ya samu tun 1328. Ya koma bin ɗan sarkin da ya taya korewa, ya shirya mamayar Ingila da jiragen Spaniya a 1719, guguwa ta tarwatsa jiragen. A Avignon ya rasu a 1745.

Daga nan gidan bai sake zama abin tsoro ko abin dogaro ga wani sarki ba. Wani reshe na Katolika ya gaji abin da ya rage, magajinsa John ya koma cocin gwamnati a 1764, kuma a 1791 aka tabbatar masa da sarautar Earl. An ƙara musu sarautar Marquess a ƙarni na 19, kuma a 1904 Sarki Edward na 7 da Sarauniya Alexandra sun sauka a fadar Kilkenny, ziyarar da Baƙin Tom ya jira bai samu ba. Sai dai a lokacin dokokin sayar wa manoma filaye sun riga sun fara cinye arzikin gidan. A watan Mayu na 1922 mayaƙan da suka ƙi yarjejeniyar Ingila da Ailan sun mamaye fadar, sojojin sabuwar gwamnati suka yi musu ƙawanya kwana biyu, magajin gidan da matarsa suna ciki sun ƙi fita. A 1935 aka yi gwanjon kayan fadar, iyalin suka koma Ingila, ginin ya zauna kango shekara talatin da 'yan kai. A 1967 Arthur Butler, Marquess na 6, ya sayar da ita ga wani kwamitin mutanen Kilkenny a kan fam 50, kuma yanzu gwamnatin Ailan ke kula da ita, jama'a suna shiga kallo. Marquess na 7, wanda ya yi zamansa a Amurka, ya rasu a 1997 bai bar ɗa namiji ba, sarautar Marquess ta mutu tare da shi, ita kuwa sarautar Earl ta 1328 tana nan ba mai riƙe da ita.